Hoton Da Ban Ɗauka Ba

Mai karatu, a wannan watan ka yi mini uzuri. Na san ka saba duk wata in ka buɗe wannan shafi ka tarar na kama wani fim ina feɗe shi, in yabi darakta a nan, in tsokane shi a can, wata mai zuwa kuma masoyansa su yi ta aiko da wasiƙu suna cewa hassada ce ke damuna. To yau babu fim ɗin kowa a gabana. Kaina zan yi wa sharhi, kuma tun yanzu ina gaya maka, makin da zan ba kaina bai kai na cin jarrabawa ba.

Abin ya faro ne a tsakar gidanmu da ke Gawon Nama, a nan Sakkwato, wata ranar Juma'a bayan la'asar, cikin 2022. Kakata, wadda ta haifi babana, tana zaune kan tabarma tana tsintar wake, ni kuma ina gefe ina nuna wa ƙannena hotunan wani biki da na ɗauka. Ta daɗe tana satar kallonmu. Can sai ta ajiye faifan ta ce, "Kai maigida, wanga abu naka da kaka ɗaukar mutane da shi, zo ka gwada min gidana."

Na ce, "Wane gida kuma, uwargida? Ba ga ki cikin gidanki ba?"

Ta ce, "Wanga gidan ubanka na. Gidana nika nuhi, na can ƙauye. In ga rumbuna, in ga tsamiyata."

Na jawo waya da ƙarfin gwiwa na shiga nema. Hotuna sun fi dubu huɗu a cikinta. Ga angwaye, ga amare, ga 'yan fim da na tsaya kusa da su a lokeshin a Kano ina washe baki, ga farantan abinci, ga motocin da ba nawa ba. Na ƙauyenmu kuwa guda uku kacal na samu, kuma duk ukun ni ne a ciki, na ci ado da kayan Sallah, fuskata ta cika hoton. A cikin ɗaya ne kawai ake hango gefen jinkar wani rumbu ta bayan kafaɗata. Na yi ta jawo wurin da yatsu don ya ƙara girma, har ya dagargaje ya koma dishi-dishi. Na miƙa mata. Ta kai wayar kusa da ido, ta duba, ta duba, sannan ta miƙo mini ta ce, "Kai ɗai nig gani." Ta ɗauki faifanta ta ci gaba da tsintar wake.

Wallahi da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Bari in gaya maka abin da ya kawo tsohuwa birni, don ka gane nauyin abin da ta roƙa. Ƙauyenmu yana gabas da Sakkwato, tsakanin Wurno da Goronyo, a bakin fadamar Gulbin Rima. Ƙasar shinkafa ce da albasa da tafarnuwa, a tudu kuma gero da dawa. Ba zan faɗi sunansa ba, saboda akwai sauran mutanenmu a can, kuma kai ma ka san halin da ake ciki. A 2021 abin ya kai maƙura. A watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar saboda 'yan bindiga, muka yi makonni ba mu ji muryar kowa ba. Ranar 17 ga Oktoba aka afka wa kasuwar Goronyo aka kashe sama da mutum 40. Bayan wannan ne babana ya ɗauki shatar mota ya je ya taho da ita, daga ita sai akwati ɗaya, da tabarma, da carbi, da wata tsohuwar ƙwarya da ta ce ko za a bar ta a can ba za ta bar ta ba. Ta ce mako biyu za ta yi. Har yau tana nan.

Abin takaicin shi ne, ba wannan ne karon farko da rashin hoto ya yi wa gidanmu illa ba. Kakana, mijinta, ya rasu ina goye. Hotonsa guda ɗaya ne a duniya, irin ɗan ƙaramin nan na fasfo da aka ɗauka lokacin da zai tafi aikin Hajji. Yana cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonta. A watan Satumba na 2010 Gulbin Rima ya yi ambaliyar da har ta cinye hanyar shiga mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ta kuma shafe ƙauyuka da gonaki a bakin fadama. Ruwa ya shiga ɗakin Kaka ya kwana a ciki. Da aka buɗe akwatin, sai ga hular nan, ga kafaɗun nan, fuskar kuwa ta ɓare ta zama farin tabo. Yau mu jikokinsa mun haura talatin, babu wanda ya san kamanninsa. In ka tambayi Kaka sai ta ce, "Ku dubi Baffanku, ku ƙara mishi tsawo, ku ɗebe mishi hushi." Iyakar hoton da ya rage mana ke nan.

Ina da shekara goma sha uku lokacin, na kuma ga hoton da idona. Ka ga ai ya kamata a ce na ɗauki darasi. Daga baya na shiga kwalejin kimiyya da fasaha, na koyi riƙe kyamara, na san haske na san inuwa, na fito da difloma, na shiga ɗaukar hotunan biki ina samun na shan ruwa. Duk hutun Sallah ina zuwa ƙauye da kyamarar a jaka. To me ya hana ni ɗaukar rumbun Kaka?

Na daɗe ina juya wannan tambaya, kuma amsar ba ta da daɗi. Dalili na farko, a wurinmu hoto abin kwalliya ne. Da ka ɗaga kyamara za ka ji an ce, "Tsaya in shirya." Ranar aure, ranar suna, ranar Sallah, ranar sauka, su ne ranakun hoto. Ranar sussuka da ranar yaɓen rumbu ba sa cikin lissafi. Na biyu, abin da mutum ya tashi ya gani, gani yake ba ya zuwa ko'ina. Wa zai ɓata lokaci yana ɗaukar turmi? Na uku kuwa, wanda ya fi yi mini nauyin faɗa, shi ne kunya nake ji. Ba na son abokaina na birni su buɗe wayata su ga bangon laka da jaki, su ce ashe daga nan na fito.

Wannan kunyar kuma ba daga sama ta faɗo ba. Mai karatu, tsakaninka da Allah, yaya ƙauye yake a yawancin finafinanmu? Ko dai ka ga baƙauye ya shigo birni da yagaggiyar riga yana gudun fanka, ko ka ga 'yar tallan nono da jan baki da gazar irin ta birni tana jiran ɗan mai kuɗi motarsa ta lalace a gefen hanya, ko kuma ka ga boka cikin bukka da jan ƙyalle. In an zo wajen noma, jarumi ya riƙe fartanya kamar wanda aka ba ajiya, yana sarar busasshiyar ƙasa da tsakar rani, wai shi yana noman damina. Akwai 'yan tsiraru da suka ɗauki manomi da daraja, irin su "Ƙasarmu Ce" na Saddik Balewa da ya fito a 1991, amma ka ƙirga su da yatsun hannu ka gani. Ni da kaina na sha caccakar daraktoci a kan haka a wannan shafi. Ashe laifi tudu ne, na taka nawa ina hangen na wasu.

Wanda ya fara ɓare mini ido wani abokina ne mutumin Birnin Ƙonni, da ya zo karatu Sakkwato. Ka san mutanen Nijar da Faransanci. Da na ba shi labarin abin da ya faru tsakanina da Kaka, sai ya yi dariya ya ce akwai wani Bafaranshe da ya riga ni yin wannan ɓarna. Ya kawo mini wasu finafinai uku a filashi, muka yi dare uku muna kallo yana fassara mini.

Sunan mutumin Raymond Depardon. An haife shi a 1942 a wata gona da ake kira Garet, kusa da garin Villefranche, arewa da birnin Liyon. Ɗan manoma ne gaba da baya. Yana ɗan shekara goma sha biyu ya fara ɗaukar hoto a gonar, yana ɗaukar dabbobi da iyayensa. Yana cika sha shida, a 1958, ya tattara ya tafi Faris, ya bar gona. Daga nan ya zama ɗaya daga cikin manyan masu ɗaukar hoton jarida na duniya. Ya je Aljeriya, ya je Biyetnam, ya zo Biyafara lokacin yaƙin basasarmu. Ya yi ta shiga hamadar Chadi, inda ya samu ganawa da wata Bafaranshiya, Françoise Claustre, wadda 'yan tawaye suka tsare daga 1974 zuwa 1977. Daga baya har fim ya yi a hamadar Nijar, ya fito a 1990. Wato dai ya ɗauki ƙauyukan maƙwabtanmu da raƙumansu da rijiyoyinsu, ya kai wa duniya ta gani.

Yana can yana yawon duniya, a gida aka fasa babbar hanyar mota ta ratsa filayen gonar ubansa, gari kuma ya yi ta matsowa da masana'antu yana cinye abin da ya saura. Kafin ya waiwayo da gaske, mahaifinsa ya rasu. A 1995 ya fitar da littafi sukutum a kan gonar, ya tattara hotunan ƙuruciya da waɗanda ya ɗauka daga baya. Sannan ya ɗauki kusan shekara goma, shi da matarsa Claudine Nougaret mai ɗaukar sauti, suna bin tsofaffin manoma a tsaunukan Faransa. Abin da ya haifi finafinan uku ke nan, wanda ya fito a 2001, da na 2005, da na ƙarshe a 2008, mai suna "La Vie moderne", wato rayuwar zamani.

Daren farko, gaskiya, gyangyaɗi na yi. Babu waƙa, babu rawa, babu faɗa. Kowane kashi yana farawa da hanya: an ɗora kyamara a gaban mota, ana tafiya a hankali kan wata 'yar siririyar kwalta, murya tana gaya maka wurin wa za a je, har a iso ƙofar gida. Sai a shiga kicin, a kafa kyamara a gaban teburin cin abinci, a yi wa tsoho gajeriyar tambaya, a yi shiru ana jiransa. Wani shirun, da editanmu na Kano ne, tuni ya sa almakashi. Na ce wa abokina ya tura gaba, ya ƙi.

A dare na biyu ne abin ya kama ni. Akwai wasu tsofaffi biyu, wa da ƙani, duk sun haura tamanin, makiyaya ne, ba su taɓa aure ba. Babban ya kai ƙafarsa ba ta iya bin tumaki zuwa kan dutse kamar da, amma bakinsa ya ƙi faɗa. Yana zaune ya ɗora hannuwa kan tebur, kyamara ta ƙi kau da kai. Ina kallon hannuwan nan masu kanta, sai na ga na Baffana. Shirun ma irin nasa ne, irin na mutumin da aka tambaya abin da ya fi ƙarfin magana. Wasu da ka saba da su a fim na farko, kafin na uku sun riga mu gidan gaskiya, ɗakunansu a rufe. A nan na gane abin da mutumin yake yi. Ya ba mutanen lokaci, ya kira kowa da sunansa, ya kuma dawo ya sake dawowa, har suka daina ganinsa a matsayin baƙo.

Su ma can ƙauyensu ya zube. A 1955 Faransa tana da gonaki kimanin miliyan 2.3, a ƙidayar 2020 kuwa ba su kai 400,000 ba. Sai dai nasu a hankali ya zube, injin noma da aikin birni da tsufa suka yi ta ragewa ɗaya bayan ɗaya, har mai kyamara ya samu shekara goma yana kai da komowa. Namu kuwa a dare ɗaya bindiga take kwashe gari. Da na yi wannan lissafi, sai na ga ba ni da lokacin jira.

A watan Disamba na 2023, bayan an ɗan samu lafawa, na ce zan je. Babana ya ƙi, sai da Baffa, ƙanensa da ya zauna can bai taso ba, ya sa baki. Aka gindaya mini sharuɗɗa: ba zan tafi da babbar kyamara ba sai waya, zan bi motar haya ranar kasuwa, kuma la'asar ta yi mini a hanyar dawowa. Da isata Baffa bai bar ni na ko sha ruwa ba, ya ja ni wurin maigari. Na durƙusa na yi gaisuwa, na faɗi abin da ya kawo ni. Dattijon ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Yaro, yanzu mai ɗaukar hoto da mai kai rahoto daji, ba mu iya rarrabe su. Amma mun san ubanka, mun san kakanka. Ka ɗauka. Sai dai ban da hanyoyin shigowa gari, ban da bisashe, ban da rumbun da ad da hatsi, ban da yaran da ka tsaron gari."

Na ce na ji, na gode. Amma a raina na ce ikon Allah! Hanya da dabbobi da rumbu, abubuwan da Bafaranshen nan ya gina finafinansa a kansu, su ne aka haramta mini. Kuma maigari yana da gaskiya. A wurin da ake aza wa manomi haraji kafin a bar shi ya girbe gonarsa, hoton cikakken rumbu tamkar takardar gayyata ce. Shekara biyar baya, da na ɗauki duk wannan ba wanda zai ce mini kanzil. Da na sani ƙeya ce.

Na shiga gidan Kaka. Damina biyu ba a yi yaɓe ba, rufin ɗakinta ya rufta, azara ta faɗo kan gadon. Rumbun da take tambaya ya tsage daga wuya har gindi, babu jinka, babu ko zangarniya ɗaya a ciki, don haka bai shiga dokar maigari ba. Na ɗauke shi. Na ɗauki duwatsun murhu uku suna nan inda ta bar su. Na ɗauki turminta a kife. Na ɗauki tsamiyar ƙofar gida, ita kam ko a jikinta, ta yi 'ya'ya har suna zuba. A bakin garka na tarar da sandar wani tsohon jigo da aka daina aiki da shi tun da injin ban ruwa ya shigo, na ɗauka, don ƙannena ba su ma san mene ne jigo ba. Na ɗauki hannuwan Baffa yana ɗaure damin dawa. Matarsa ta ce ita kam ban da fuskarta, amma ta buɗe mini ɗaki na ɗauki jeren kwallayenta na aure.

Abubuwa biyu suka faru a ranar waɗanda ba zan manta ba. A wata gona da aka gama girbi na ga wata tsohuwa ta duƙa tana kala, tana tsintar abin da ya zube tana jefawa a ƙwarya. Haske ya faɗo mata daidai, ƙurar hunturu ta yi mata bango. Duk wanda ya san hoto ya san irin wannan ba ya samuwa kullum. Na tuna har fim wata Bafaranshiya, Agnès Varda, ta yi a shekarar 2000 a kan masu kala a ƙasarsu. Na yi sallama na roƙi izini. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Ɗana, in kai ni birni a ga ina kala? Ina da ɗiya maza, kar ka kunyata su." Na mayar da waya aljihu. Har yau ina ganin hoton nan a idona, kuma ban yi nadamar barinsa ba.

Na biyun, a bakin kasuwa akwai wani shago da aka ƙona. Na rage tafiya ina satar kallo, ina jin nauyin ɗaga waya, don gani nake wannan shi ne abin da ba za a so a ɗauka ba. Sai mai shagon da kansa ya kira ni. Ya gyara hula, ya jawo ɗansa ya tsayar a gefensa a gaban baƙin bangon, ya ce, "Ɗauka. A san an yi." Ka ji fa. Wadda na zaci za ta yarda ta ƙi, wanda na zaci zai ƙi shi ya nema. Da ban tambaya ba, da duk biyun na yi kuskure.

Na dawo gida lafiya kafin magariba. Washegari na kai hotuna arba'in aka wanke mini a kati, na kawo wa Kaka na zube mata a tabarma. Na ɗakinta da ya rufta, kallo ɗaya ta yi masa ta tura shi ƙarƙashin tabarma. Na rumbu ta yi tsaki ta ce Baffa ya ji kunya. Da ta zo kan tsamiya sai ta tsaya. Ta shafa katin da yatsa, ta fara magana kamar ba da ni take ba. A nan gindin aka sauke ta ranar da aka kawo ta amarya. A nan kakana yake shimfiɗa buzu yana biya wa yara allo. A wancan reshen ake rataye gafakarsa. A shekarar fari ta 1973, da hatsi ya ƙare, 'ya'yan tsamiyar nan ake jiƙawa a dama da ɗan abin da ya samu a ba yara. Na lallaɓa na kunna rikoda a waya. Ta yi kusan awa biyu tana zuba, abubuwan da babana ma ya ce bai taɓa ji ba.

Da ta gama sai ta tattara katunan ta miƙo mini, ta yi mini irin sharhin da nake yi wa daraktoci. Ta ce, "Maigida, ka yi ƙoƙari. Amma icce da bango kaɗ ɗauko. Ina mutane?"

Ta shiga lissafa mini gida-gida, daga gabas zuwa yamma. Gidan wane suna Illela. Gidan wance sun haye Ƙonni. Su wane suna nan Sakkwato cikin wani kangon da ba a gama ginawa ba. Wane ya rasu. Wane an tafi da shi daji, shiru har yau. Ina rubutawa a bayan katunan, biro yana rawa a hannuna. Na tafi kala a ƙauye, ashe damin yana nan birni kusa da ni, a warwatse.

Tun daga lokacin aikin da nake yi ke nan duk ranar Asabar. Ina bin mutanen garinmu inda suke, in gaishe su, in zauna, in sha ruwansu. Wani sai na je sau uku kafin in ambaci hoto. Wanda ya yarda in ɗauke shi, in wanke kati biyu, in kai masa ɗaya. Wanda ya ƙi saboda abin da ya ji daga malaminsa, ba na jayayya da shi, sai in roƙi ya ba ni labari in rubuta. Album ya cika, na shiga na biyu.

Ita ma Kaka daga ƙarshe ta yarda, amma sai da muka yi rigima. Ni ina son in ɗauke ta yadda na saba ganinta, da faifai a cinya tana tsintar wake, irin na Depardon. Ta ce atafau. Ta shiga ɗaki ta ɗauro zanenta na saƙi, ta sa kwalli, ta riƙo ƙwaryar nan da ta taho da ita, wadda ashe ta uwarta ce. Ta ce, "Jikokin jikokina za su gani. Kana son su ce kakarsu ba ta da tuhwahi?" Na rasa ta cewa. A da ina yi wa "tsaya in shirya" kallon ƙarya, a ranar na gane mutunci ne mutum yake nema wa kansa a idon waɗanda ba a haifa ba. Muka shirya a kan biyu, ɗaya nata ɗaya nawa. Nata ne a bango.

To mai karatu, ga inda na dosa. In kana da tsoho ko tsohuwa a gida, in kana da ƙauyen da har yanzu ake iya zuwa, kada ka jira sai ka sayi babbar kyamara, wayar hannunka ta isa. Ka fara da neman izini, kuma in an ce a'a, ka bari. Ka ɗauki mutane da kayan aikinsu, da ɗakunansu, da itatuwan da suke zama a gindinsu. Ka naɗi muryarsu, don hoto ba ya faɗin sunan kowa. Ka wanke a kati, saboda waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, memori yana lalacewa. A bayan kowane kati ka rubuta suna da wuri da shekara. Ka raba kofe a gidaje biyu ko uku, kada akwati ɗaya ya tafi da fuskar mutum kamar yadda ya tafi da ta kakana. Kuma ba kowane hoto ne na Facebook ba, musamman na garuruwan da ke cikin wannan hali. Ni burina, in Allah ya kawo zaman lafiya, in kai kofe ɗaya gidan adana tarihi na Waziri Junaidu, a ajiye kusa da takardun manya, don talakan bakin fadama ma yana da tarihi.

Ku kuma 'yan'uwana 'yan fim, ba na ce ku daina ba mu dariya ba. Amma a cikinku mutum nawa ne kakarsa ba a ƙauye take ba? Wata rana ɗayanku ya kafa kyamara a gabanta, ya yi mata tambaya ɗaya, ya hana edita taɓa shirun.

Jiya da dare na tarar da Kaka ta tara ƙannena, album a buɗe a cinyarta, tana nuna musu sandar jigo tana kwatanta yadda ake danna ta guga ya nutse. Autanmu ya nuna hoton tsamiya ya ce, "Kaka, yaushe za mu je?" Ta yi shiru, irin shirun nan. Sannan ta ce, "Juya takarda."

Allah ya kawo mana ƙarshen wannan fitina, ya mayar da kowa gidansa. A wata mai zuwa, in muna da rai, za mu koma kan sharhin fim kamar yadda muka saba.